Bindigar Baba da Ta Ƙi Tashi

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na daka wa mahaifin matata tsawa a gaban jama'a ba. Ku da kuka fara koyon aikin kula da filin harbi a hannuna kun sha jin ana tsokanata da zancen, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara ku ji shi daga bakina, yadda ya faru.

Na yi aikin soja a gida, na fita da igiya uku, shi ya sa mutanenmu na Greensboro a nan Amurka ba su san ni da wani suna ba sai Saje. Da na zo ƙasar nan gadi na fara yi a wani babban kanti a titin Wendover. Daga nan wani kulob na masu harbi da ke bayan gari, can cikin gonaki, ya ɗauke ni aiki. Sai da na yi kwas na ci jarrabawa kafin a ba ni jar hula, wadda ita ce alamar jami'in tsaron fili. Aikin mai jar hula shi ne ya tsaya a bayan masu harbi, ya ba da izinin farawa, ya tsayar da kowa idan ya ga abin da bai yi masa ba. A kan layin harbi maganarsa ce ta ƙarshe, ko da shugaban kulob ne yake riƙe da bindiga.

Kulob ɗin yana da filaye da yawa, amma wanda na fi so shi ne na can ƙarshe kusa da itatuwa, inda ake gasar bindigar albarushi sau ɗaya a wata. Irin wadda muke kira harbi-ka-ruga ce a gida, sai dai tasu ta fi tamu kyan ƙira. Ta baki ake ɗura ta. Mutum zai tsaya a teburin ɗuri, ya auna albarushi ya zuba, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a bakin bindigar, ya ɗora ƙwallon dalma, ya danna shi da sanda har ya zauna a kan albarushin. Sai ya je kan layi ne zai sa ɗan murfin da kunamar bindiga ke bugawa wuta ta tashi. Harbi ɗaya kawai, sai ka koma tebur ka sake daga farko. Hayaƙi kuwa ba a magana, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ni dai warin daɗi yake mini.

Wanda yake shirya gasar wani dattijo ne Bature mai suna Earl. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, filin nan shi ne gidansa na biyu. Shi ya koya mini bindigar, shi ya kai ni wurin jarrabawa da motarsa. A lokacin da nake ba ku labari masu zuwa gasar ba su cika goma ba, kuma dukkansu masu furfura ne. Idan wani ya daina zuwa ba ma tambaya, mun san ko dai asibiti ne ko maƙabarta. Earl ya yi duk abin da ya sani. Ya manna sanarwa a shagunan mafarauta, ya sa talo-talo a matsayin kyauta, ya ce wanda ya zo karon farko ya harba kyauta. Samarin garin sun fi son bindigar da za su danna ta yi ta amai, ba su da haƙurin aune-aune.

Wata rana a farkon kaka shugabar kwamitin kulob, Madam Donna, ta kira mu ofis ni da shi. Mace ce mai kirki amma ba ta kwana-kwana.

"Filinku ya fi kowanne girma, kuma ya fi kowanne ƙarancin mutane," in ji ta. "Masu ƙaramar bindiga suna bin layi a can, suna neman wuri. Idan kafin sanyi ya shigo ba mu ga jama'a ba, za a rufe gasar a ba su filin."

Earl ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya je ya zauna a teburin ɗuri yana goge bindigar da ba ta da datti. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

A wannan lokacin Baba, mahaifin matata Rabi, yana gidanmu. Ya zo sunan jikarsa, likita ya riƙe shi saboda gwiwarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa furta shi ba tun da na auri 'yarsa. Idan yana falo nakan tuɓe takalmi tun daga ƙofa, in durƙusa in gaishe shi, in shige ciki. Idan ina da magana da shi, Rabi nake faɗa wa ta kai. Zaman gida ya ishe shi. Kullum yana bakin taga yana kallon motocin titin Gate City suna wucewa.

Ranar da muka fito daga ofishin Madam Donna na dawo gida ban canja riga ba. Ina shigewa na ji Baba yana cewa, "Rabi, wa ke harbi a gidan nan? Albarushi nake ji."

Ashe Baba ya yi farauta da ƙuruciyarsa a dajin Ningi, ban taɓa sani ba. Ranar ya yi ta ba Rabi labarin gada da gwanki da ƙarfi, don in ji daga ɗaki. Ina kwance ina saurare tunani ya zo mini: ina neman jama'a a shagunan Turawa, ga jama'ata na bari a gida.

Bayan sallar Juma'a na roƙi a ba ni dama na yi sanarwa. Abokina Bitrus, mutumin Kafanchan da yake aikin jinya, ya yi irinta a cocinsu. Da farko mutane sun noƙe. Alhaji Tanimu mai sayar da motoci ya ce, "Saje, mu baƙi, me ya haɗa mu da bindiga a Amurka? Ka bar mu mu ci tuwonmu lafiya." Na yi bayani cewa bindigogin na kulob ne, aro za a ba su, a fili za su harba a fili za su ajiye, babu abin da ya saɓa doka. Bai gamsu ba sai da ya ji Baba zai je. Nan take ya ce ai in dai Baba zai je, su wa ne su da za su zauna.

Asabar ɗin gasar na iso da wuri. Hantsi bai gama yi ba wurin ajiye motoci ya cika. Mata suka sauke kuloli na dafa-duka da zoɓo, maza suka fito da manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Sai da na bi su ɗaya ɗaya na sa suka tuɓe na sama, don hannun babbar riga da wuta ba sa shiri. Earl ya tsaya baki buɗe. Ya kama hannuna ya ce, "Saje, duk waɗannan harbi suka zo?" Na ce rabi harbi, rabi shinkafa. Madam Donna ma ta zo, ta samu wuri a bayan igiyar da ta raba 'yan kallo da masu harbi ta harɗe hannu tana kallo.

Kafin a taɓa bindiga Earl ya karanta dokoki, ni ina fassarawa. Bakin bindiga kullum yana kallon sama ko tudun ƙasar da ke bayan abin bara, wato takardar da ake harbi. Babu taba, babu ashana. Idan ka ja kunama bindiga ta ƙi tashi, kada ka motsa ta, ka ci gaba da nuna ta ga tudu ka kira mai jar hula, don albarushi yakan ci wuta a hankali ya tashi bayan mutum ya fid da rai. Wanda ya juya bakin bindiga wajen mutane, ya gama harbi na ranar, ko wane ne. Sannan kada kowa ya yi wa mai ɗuri magana har sai ya gama. Kowa ya gyaɗa kai. Amma a wurin Bahaushe gaisuwa ba ta cikin magana.

Da farko komai ya tafi daidai. Bitrus ya harba ya samu itacen da aka kafa takardar maimakon takardar, ya ce ai itacen yake nufi. Wata Hajiya ta harba ta saki salati, ta juyo fuskarta duk murmushi ta ce a ƙara mata. Baba ya yi harbinsa na farko, ƙwallon ya shiga baƙin da'irar da ke tsakiyar takardar. Aka ɗauki tafi. Tsofaffin abokan Earl suka zo suna jinjina masa, ba ya jin abin da suke faɗa amma ya gane. Rabona da ganin fuskarsa haka tun ranar suna.

Ya koma tebur don ɗuri na biyu. Ni ina kan layi, bayana yake. Earl yana can ƙarshen tebur yana taimakon wasu. Daga baya na ji cewa a daidai lokacin ne wata mota ta iso da waɗanda suka makara, kuma duk wanda ya sauko sai da ya zo ya rusuna wa Baba. An wuni lafiya, ya gwiwa, ya baƙunta, ya aka baro mutanen gida. Shi kuma ya amsa wa kowa, ya tambayi iyalin kowa.

Ya zo kan layi, ya sa murfi, ya auna, ya ja kunama. Sai ƙas. Murfin ya buga, bindiga ba ta tashi ba. Baba ya yi dariya ya sauke ta daga kafaɗa, ya fara juyowa hagu yana cewa, "Ashe ta Turawa ma tana ƙi." A hagun nan Bitrus ne da wasu mutum biyu suke tsaye a kan layi. Ina kallon bakin bindigar yana barin tudu yana tafiya wajensu.

Ban yi shawara da kaina ba. Muryar da nake yi wa kurata a bariki ce ta fito.

"Kai! Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Kafin in rufe baki na dafe bindigar da hannu biyu na mayar da bakinta ga tudu, kafaɗata ta bugi tasa har hularsa ta faɗi. Na ɗaga murya na tsayar da harbi a layin gaba ɗaya. Wurin ya yi tsit, har masu zuba abinci suka tsaya da ludayi a hannu. Muka tsaya a haka ni da shi, hannuna a kan nasa, muna jiran bindiga ta tashi. Ina jin numfashinsa a kunnena. Muka jira iya abin da doka ta ce, muka ƙara. Ba ta tashi ba.

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Na ce wa Baba "kai". Na ture shi. Hularsa tana ƙasa, 'yarsa tana bayan igiya da goyo tana kallo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Kuma ban gama ba, don saura doka. Na san Madam Donna tana kallona, kuma na san abin da kwamiti ya fi tsoro game da sababbin mutane shi ne hatsari. Idan na kau da kai, an rufe filin ke nan ko da mutum dubu suka zo. Idan na fitar da Baba, jama'ar da suka zo dominsa za su iya binsa. Na sunkuya na ɗauko hular na kaɗe, na miƙa masa da hannu biyu, idona a ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri. Doka ce. Harbin yau ya ƙare."

Ya karɓi hular ya sa. Bai dube ni ba. Ya taka a hankali da gwiwarsa mai ciwo ya je ƙarƙashin itace ya zauna.

Earl ya kai bindigar gefe, ya sa sanda mai ƙusa a baki ya zaro ƙwallon. Ya juya ta ya buga. Ko ƙwayar albarushi ɗaya ba ta zubo ba. Baba ya manta bai zuba ba, gaisuwa ta ɗauke masa hankali ya danna ƙyalle da dalma kawai. Earl ya yi dariya ya ce babu maharbin da bai taɓa yin haka ba, shi kansa ya yi ya fi a ƙirga. Amma da labarin ya isa bayan igiya sai ya zama wani abu daban: Saje ya ci mutuncin surukinsa a kan bindigar da babu komai a cikinta.

Alhaji Tanimu ya ɗauki babbar rigarsa ya saɓa. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya ce, "Aikin Bature ya yi maka daɗi, Saje." Motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙarasa gasar da 'yan tsiraru, kuloli suka koma da rabin shinkafa.

Da yamma Madam Donna ta same ni ina tattara kaya.

"Ka yi daidai," in ji ta. "Earl ya ce mutumin uban matarka ne. To, me ya sa kowa ya tafi?"

Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Na ce al'ada ce.

"Taron rana ɗaya ba shi ne jama'a ba," ta ce. "Wata mai zuwa za mu gani. In sun dawo, filin naku ne."

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Nakan fita kafin Baba ya fito falo, in dawo in shige ta kicin. Rabi ba ta ce na yi laifi ba, ba ta kuma ce ban yi ba, abinci kawai take ajiye mini. A masallaci ana amsa sallamata a taƙaice. Bitrus ne kaɗai yake kirana, yana cewa, "Saje, ni dai cikina bindigar take kallo, in kowa ya ƙi ka ni ina sonka." Earl kuwa kullum sai ya tambaye ni ko mutanena za su dawo, ni kuma in ce da yardar Allah, alhali ni kaina ban sa rai ba.

Da na ga abin ba zai wuce da kansa ba, wata Lahadi bayan la'asar na tuɓe takalmi na shiga falo na durƙusa nesa da kujerarsa. Rabi ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce na zo ba da haƙuri a kan abin da ya faru, na yi rashin ladabi a gaban mutane.

Baba ya juyo daga taga. Sannan ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai saba ba.

"Lokacin da ka yi tsawar, ka san babu albarushi a ciki?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba. To, haƙurin mene ne?"

Idona ya cika.

"Kunya ce ta hana ni magana, ba fushi ba," ya ci gaba. "Tun kafin a haife ka nake riƙe bindiga, a ce yau na juya ta wajen mutane ina dariya. Da akwai wuta a cikinta, da yanzu wani zancen ake yi." Ya juya wajen 'yarsa. "Rabi, kawo mini wayata. Kai kuma ka sama mini kujera mai kyau a bakin igiyar nan, inda ake shiga. Ba za ka iya hana mutanenmu gaisuwa ba. Amma za a iya tare ta a ƙofa."

Da kansa ya kira Alhaji Tanimu. Ban ji duk abin da suka faɗa ba, na dai ji Baba yana cewa, "Ni aka yi wa, ni kuma zan koma. Kai da ba a yi maka ba, me ya zaunar da kai?"

Asabar ɗin gasa ta gaba sanyi ya fara. Na kafa kujera a bakin igiya, Baba ya zauna da bargo a ƙafa. Ƙarfe tara ta yi, daga mu sai tsofaffin Earl. Ina ta duban hanya ina yi kamar ina duba abin bara. Earl ya daina kallona ma. Can sai ga motar Bitrus. Bayanta wata, bayanta wata. Da na hango doguwar motar Alhaji Tanimu ta karyo kwana cike da mutane, na sauke ajiyar zuciyar da har Earl ya ji daga inda yake.

Duk wanda ya sauko wajen Baba yake fara zuwa. Nan za a yi gaisuwar gaba ɗaya, ta gwiwa da ta iyali da ta sanyi, a gaisa da juna, a gama. Sai Baba ya nuna igiya ya ce, "To, daga nan zuwa ciki babu sannu. Wanda ya gaida mai ɗuri, ni zai zo ya yi wa bayani." Haka aka yi. Ban taɓa ganin Hausawa da yawa haka sun yi shiru a wuri ɗaya ba in ba a sahun salla ba. Da aka yi nisa Baba ya tashi ya ba wani dattijo aron kujerar, ya je ya ɗura tasa yana auna albarushi kamar mai auna magani. Ya zo kan layi ya tsaya, bai ɗaga bindiga ba sai da na ba shi izini. Alhaji Tanimu ya harba sau uku bai samu komai ba, ya ce laifin iska ne.

Madam Donna ta zo wajena ana cin abinci, da faranti a hannunta, idonta yana ruwa saboda yaji. Ta ce kwamiti zai zauna, amma in faɗa wa Earl ya kwantar da hankalinsa, ba za a taɓa filin ba. Na je na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Daga nan ya ɗebi shinkafa ya je ya zauna kusa da Baba, suka yi ta hira da hannu.

Baba ya koma gida da gwiwarsa ta warke. Kujerar tana nan, duk dattijon da ya riga zuwa shi yake zama a kanta, har tsofaffin Turawan sun koyi tsayawa a ce musu sannu da zuwa kafin su wuce.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, tara mutane a filin nan ba shi ne mai wuya ba, mutanenmu suna amsa kira. Amma da halinsu za su zo, kuma aikinku ne ku san inda halin zai ci karo da albarushi, ku sama masa wuri tun daga waje. Sannan wata rana wanda kuke jin nauyinsa zai tsaya a gabanku da bindiga, bakinta ya fara barin tudu. Ba za ku san ko akwai wuta a ciki ba, shi ma bai sani ba. Ku yi tsawar da duk ƙarfinku, ku je ku durƙusa daga baya.